Sunan Da Aka Kai Lakol

Shafi na 14

Masu cika mini waya da saƙo tun da safe, ku gyara zama. Mun bar Madam A'isha, uwar ɗakin kwana a makarantar 'yan mata ta bayan garin Gidan Rumji, tsaye bakin ƙofa ranar komawa lakol. Wata tsohuwa 'yar ƙauye da ta kawo jikarta ta tsura mata ido, ta kira ta da sunan da ba wanda ya san ta da shi.

*

Kande.

Sunan ya bi ta har cikin ɗakin kwana. Tana miƙa wa yara katifu, tana rubuta lambar gado, tana amsar wayoyinsu tana zubawa a kwando yadda doka ta ce, amma ji take kamar wata ce ke aiki da hannuwanta. Shekara arba'in da bakwai rabon da a kira ta haka. Ko mijinta, Allah ya ji ƙansa, da A'isha ya san ta har aka rufe shi.

Azahar ta gota aka ce Madam Dirakta na nemanta a buro, wato ofishinta.

Rufaida ce dirakta, yarinyar da Madam ta koya wa riƙon alli da hannunta tun tana aji ɗaya. Kullum in Madam ta shigo sai ta miƙe tsaye. Yau ba ta miƙe ba, ba ta kuma ɗago kai ba. Dosiye biyu ne gabanta, wato fayil ɗin takardu. Ɗaya na Madam ne, wanda ita Rufaidar ta haɗa watan jiya, don saura wata takwas Madam ta ajiye aiki. Ɗayan na sabuwar ɗaliba ne, Nasira Shamsu, daga ƙauyen Gidan Tala, can yankin Sae Sabuwa.

Ta karanta na yarinyar a hankali. Kakarta ta wajen uwa, wadda ke riƙonta: A'isha, ɗiyar Labo Chindo da Kadi, haifaffiyar Gidan Tala.

Ta buɗe na Madam. A'isha, ɗiyar Labo Chindo da Kadi, haifaffiyar Gidan Tala.

Fankar da ke bisa kansu tana juyawa kamar ba ta so.

Rufaida ta ce ba sai ta tuna mata doka ba. Gadajen nan na yaran ƙauye ne da ba su da kowa a gari, kuma yara arba'in na jiran a samu gurbi. In aka ji uwar ɗakin kwana ta cusa jikarta, bakin duniya ba zai bar su ba. Sufeton lakol zai iso bayan la'asar ya ɗauki jerin sunaye zuwa Maraɗi. Ita ba za ta tozarta wadda ta koya mata karatu ba. Za ta soke sunan yarinyar a ɓoye, ta ce dosiye ne bai cika ba, magana ta mutu nan.

Madam ta tambaya ko za a bari ta riƙe yarinyar a ɗakinta, tana shiga aji da rana. Rufaida ta girgiza kai. Makarantar ba ta da 'yan jeka-ka-dawo. Wadda aka soke, kolej ɗin yankinsu za ta koma, tafiyar awa uku a ƙasa daga Gidan Tala. Su duka biyun sun san babu 'yar da ke ƙare shekara da irin wannan tafiya.

Sai yanzu Rufaida ta ɗago.

"Madam, jikarki ce?"

Madam ta dubi takardun biyu.

"Ba ni zuwa la'asar, ɗiyata."

*

Tsohuwar na zaune gindin itacen bedi bayan kicin, ta miƙe ƙafafu, zanenta ya sha ƙurar motar kasuwa. Tsagar Gobirawa ta kwanta a kumatunta tun daga gefen baki har kusa da kunne. Tata kenan. A gida haka ake ce mata, amma ranar suna A'isha ne sunan da liman ya raɗa mata.

Ba ta tashi ba. Ta dubi Madam daga gilashin idonta har takalmi.

"Kin ga yadda sunana ya yi ƙiba a jikinki," ta ce. "Ni da anka bar ma sunan Tata, dubi ƙashin wuya."

Madam ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ta zauna kan turmin da aka kifar. Ta tambaye ta yadda aka yi ta gane ta. Tata ta ce tafiyarta ce ba ta sake ba, har gobe kamar mai bin awaki take taku. Ta rantse ba ta san nan take aiki ba. Tun da daɗewa labari ya zo musu cewa tana Damagaram, wasu suka ce ta rasu.

Ta kwance bakin zanenta ta fiddo tumu guda biyu, sabon gero da ta gasa da safe don yarinya ta ci a hanya. Ta murza ɗaya a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta miƙo.

Ƙamshin ne ya ɗauke Madam.

Ga ta 'yar shekara bakwai a bakin garin Gidan Tala, inda gidan ubanta Sanda yake. Kakanninsu daga arewa suka gangaro da bisashe, suka zauna, suka koyi noma. Fari ya cinye musu garke, Sanda ya koma kiwon shanun Labo. A irin wannan kakar dogari ya zo da takarda, an ce garin ya ba da yara uku lakol, har da A'isha ɗiyar Labo. Lakol ɗin kuwa mai kwana ce, nesa, sai hutu ake ganin yaro. Labo ya ce ɗiyarsa ba za ta ba. Ya kira Sanda zaure. Washegari aka ɗaure wata karsana ja a ƙofar gidan Sanda, aka yi wa Kande wanka, aka ɗaura mata zanen Tata.

Labo da kansa ya durƙusa gabanta ya koya mata. In an ce wace ce, A'isha Labo. In ta ga ɗan garinsu a can, ba ta san shi ba. In ta yi kuskure, jandarma za su zo su ɗaure ubanta.

Mushen, wato malamin lakol, da ya amshe su ba ɗan ƙasar Gobir ba ne. Bai tambayi yadda aka yi ɗiyar Bagobiri ta zo da fuska ba tsaga ko ɗaya ba.

"Karsanar ma ba ta ga damina ba," in ji Tata, kamar ta san inda hankalinta ya tafi. "Kumburin ciki ya kashe ta. An yi asararki banza."

Wannan karon dariyar ta fito, ta zo da ruwan ido.

Madam ta ce mata wata uku tana shan bulala. Da safe a buga ƙarfen tayar mota da aka rataye a ice, a jeru, mushe ya kira A'isha Labo, ita kuwa sai ta waiga tana neman inda Tata ta ɓoye. Ɗakin kwanansu na laka ne, tabarma ɗaya yara uku. Kunun madarar gari da safe, da rana wata dafaffiyar alkama mai warin buhu. Ta ce daga baya da ta ci jarrabawar sartifika aka kai ta kolej Maraɗi, nan ta fara ganin gadon ƙarfe. Lokacin barcin rana a saki gidajen sauro farare, iska ta shigo ta taga tana kaɗa su, sai ta ga kamar dukansu cikin gajimare suke kwance ana tafiya da su wani wuri. Ran Asabar a ba kowa sabulu guda. Takan ɓoye nata cikin akwati don kayanta su ɗauki ƙamshi.

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba ya zo bakinta.

"Tata, na ji daɗin wurin. Shi ke ci na. An sayar da ni, kuma na ji daɗi."

Tata ta ci gaba da murza tumu. Ta ce ita kuwa ranar da motar ta tashi da su, sai da ta bi ta da gudu har fadama tana kuka, ita ma a tafi da ita. Labo ya sa aka kamo ta. Kowa na tausayin ɗiyar Sanda da aka jefa wuta, ba wanda ya san ɗiyar Labo ke son wutar. Shekaru tana ɗauko takardun da iska ta kwaso daga kasuwa tana juya su, ko za su yi mata magana. Shi ya sa da uwar Nasira ta rasu ta bar mata jaririya, ta yi alkawari wannan kam sai ta kwana a lakol. Ran da mushen garinsu ya tambayi sunan mai riƙo, ta ga ba ta da abin ba jikarta da ya fi sunanta na gaskiya. Shi ne kuma a takardar haihuwar uwar yarinyar.

Madam ta gaya mata abin da ke cikin buro, ba ta rage komai ba. Takarda ta ce Nasira jikar uwar ɗakin kwana ce, saboda haka ba ta da gado. In kuwa aka ce A'isha Labo biyu ce, sai an tambayi wace ce ta gaskiya. Sartifikarta, takardar malantarta, aikin shekara talatin da shida, har takardun 'ya'yanta biyu da ke Yamai, duk a kan sunan suke tsaye.

Tata ta karkaɗe ƙaiƙayin da ke zanenta. Can daga kicin ana jin ƙarar ludayi cikin babbar tukunya.

"To ki ce jikarki ce," ta ce. "Motar kasuwa na tashi la'asar sakaliya, sai mu bi ta. Ba yau anka fara hana gidanmu lakol ba."

"Tata."

"Ban zaka amsar suna ba, Kande. Suna bai taɓa tuƙa mini tuwo ba. Riƙe abinki."

Ta soma ɗaure bakin zanenta. Sai ta tsaya. Ta ce akwai wani kaya da ta daɗe tana ɗauke da shi, tun da Allah ya haɗa fuskokinsu gara ta sauke, don ba ta san ko za su sake gamuwa ba. Ta tambayi Madam me aka ce mata game da rasuwar innarta.

Madam ta ce tana aji uku ta zo dogon hutu ta tarar an rufe ta da wata biyu. Aka ce farat ɗaya ne, ta kwanta ba ta tashi ba. A shekarar ubanta ya kwashe ya koma arewa, ita kuma matar wani mushe ta riƙa riƙe ta lokacin hutu. Ba ta sake taka Gidan Tala ba.

"Ba farat ɗaya ba ne. Kwana goma sha ɗaya ta yi."

Madam ta ajiye tumun a cinyarta.

Tata ta ce kwana goma sha ɗaya matar na kwance tana kiran Kande, har makwabta suka kasa barci. A kwana na shida Labo ya ga abin ya yi yawa, ya ba wa Isaka, wan Tata, keke ya ce ya je ya zo da yarinyar. Isaka ya yi yini guda a hanya. Washegari ya shiga buron mushe ya ce ya zo ɗaukar Kande ɗiyar Sanda, uwarta ba lafiya. Mushe ya buɗe rajista ya bi da yatsa har ƙasa, ya ce babu Kande a lakol ɗinsa. Isaka ya buɗe baki zai ce A'isha Labo, sai ya tuna uwar A'isha Labo lafiyarta lau, tana gida tana daka. Ya tuna jandarma. Ya fito.

"Ya ce ya tsaya bakin shinge. Ya ce ya gan ki."

Madam ta tuna ranar.

Ta gani. Kamar yanzu ake yi. Rana tsaka, tana riƙe da kwanon alkama, wani saurayi da keke a bayan shingen ƙaya, hula a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Ta gane shi tun daga nesa. Zuciyarta ta yi tsalle har kwanon ya karkace. Ya ɗaga hannu kaɗan. Sai muryar Labo ta faɗo mata: in kin ga ɗan garinmu, ba ki san shi ba.

Ta juya masa baya. Ta ma ji daɗin kanta a ranar, ta ce ta tsare ubanta daga ɗauri.

"Ya koma ya ce ma innarki kina nan tahe," in ji Tata. "Kullum sai ta sa a buɗe mata asabari tana kallon hanya. Isaka har ya mutu bai yafe ma kainai ba. Shi ya ce in na gan ki in roƙa mai gafara."

Ganyen bedi na ta faɗowa ɗaya-ɗaya tsakaninsu. Madam ta ɗaga hannu ta shafa fuskarta, ta ji ta a bushe. Hawayen ma ba su san sunan wadda za su zubo wa ba.

Aka kira sallar la'asar a masallacin bakin hanya.

*

Bayan Madam ta sallame, ta bi ta ɗakin kwana don ta ce wa yarinyar ta haɗa kayanta. Abin da ta shirya faɗa kenan.

Ɗakin ya yi tsit, gajiyar hanya ta kwashe yara. Ba irin nasu na da ba ne. Siminti ne ƙasa, ga fankoki masu aiki da hasken rana, ga famfo a bakin ƙofa. Amma gidajen sauron farare ne kamar na Maraɗi, kuma iska na kaɗa su yadda ta saba.

Nasira na gado na ƙarshe, jikin taga. 'Yar siririya, shekara goma sha biyu, kitson da aka yi mata jiya har yanzu yana ƙyallin mai. Ba barci take ba. Ta kwanta rigingine ta miƙa hannu tana shafa gidan sauron da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kada ya narke. Ta jera littattafanta uku ƙarƙashin matashi. Akwatin kwanonta ta tura can ƙasan gado, ta ɗora takalmanta a kai.

Da ta ga Madam ta zabura ta durƙusa. Ta ce don Allah tana da tambaya. Gadon nan ita kaɗai za ta riƙa kwana a kai, ko akwai wadda za a haɗa su?

Madam ta dube ta. Ta dubi littattafan.

"Ke kaɗai," ta ce. "Koma ki kwanta."

Ta fito. Ƙafafunta suka ɗauke ta, ba ta san ta ratsa filin makaranta ba sai da ta ga farar motar sufeto a ƙofar buro. Can bakin babbar ƙofa Tata na tsaye da ƙullin kayanta a ka, tana jiran a fito mata da jikarta.

Sufeton na zaune a kujerar baƙi, dattijo mai furfura a gemu, jakarsa bisa gwiwa, yana duba agogo. Jerin sunaye na gaban Rufaida. Ta ɗora kan biro daidai layin Nasira Shamsu, jira kawai take Madam ta gyaɗa kai ta ja layi.

Madam ta gaishe da sufeto. Ta ce a dakata da biron.

Rufaida ta dubi fuskarta, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ta yi sauri ta ce wa sufeto ƙaramar magana ce ta cikin gida, za su ƙarasa daga baya. Ta sassauta murya.

"Madam, wata takwas ya rage miki. Abin da duk kika faɗa gaban Mushe Sufeto, ba ni da ikon mayar da shi."

"Na sani, ɗiyata."

Ta ce yarinyar nan ba jikarta ba ce, ba su haɗa jini ko ta ina ba, ba ta kuma da kowa a garin nan. Gadonta halalinta ne. Sufeto ya jawo dosiye biyun ya sa gilashi, ya karanta wannan, ya karanta wancan. Ya ce to ai takardu ba haka suka ce ba. Uba ɗaya, uwa ɗaya, gari ɗaya, suna ɗaya. Labo Chindo 'ya'ya mata biyu ya raɗa wa A'isha?

"Ɗaya ce," in ji Madam.

Ta taka zuwa taga ta ture labule. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba, amma filin shiru yake, ta kai har bakin ƙofa.

"A'isha Labo. Sauke kayan nan ki shigo, ke ake nema."

Tsohuwar ta waiga hagu, ta waiga dama. Sannan ta kai hannu a hankali ta sauke ƙullin daga kanta.

Rufaida ta rufe bakinta da tafin hannu. Sufeto ya cire gilashinsa ya ajiye bisa takardun. Ya zaro biro daga aljihu, ya buɗe sabon shafi a littafinsa.

"In waccan ce A'isha Labo," ya ce, "to ke wace ce, Madam?"